Kafin a Sayi Baka Mai Kunama don Farautar Barewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi bayani a kan wani makami da na lura ya fara shiga ran samarinmu a nan Katsina, wato bakan nan da ake girkawa a gicciye bisa gindi irin na bindiga, a ja tsirkiyarsa a ɗana ta a maƙale, sannan a sake ta da kunama. Masu tallarsa suna kiransa kurosbo, ni kuwa zan kira shi baka mai kunama, domin sunan ya fi nuna yadda yake aiki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a makon jiya ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida bayan sallar la'asar, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, tunda kai ka taɓa riƙe irin wannan, duba mini wanne zan saya cikin biyun nan." A ƙarƙashin hoton na farko an rubuta cewa yana jefa kibiya ƙafa 350 a daƙiƙa ɗaya, a ƙarƙashin na biyu kuma 410, kuma na fahimci yaron ya riga ya yanke a ransa cewa na biyun zai saya tunda lambarsa ta fi girma, abin da yake nema a wurina kawai shi ne sa albarka da cikon kuɗi. Ban ga laifinsa ba, domin jikan maharbi ne, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi harbi a dazukan ƙasar Ruma, na kuma riƙe masa kwari tun ina ƙarami kafin makaranta da aikin malanta su raba ni da daji. Shi kuwa baka mai kunama, na san shi ne a lokacin da na ziyarci ɗana da ke aiki a jihar Ohayo ta Amurka, inda na yi makonni ina zuwa wani filin koyon harbi da ke jikin shagon kayan farauta, ina harbawa ina kuma sauraron tsofaffin maharbansu. Amsar da na ba yaron ita nake so in maimaita a nan, ko wani zai amfana kafin ya zubar da kuɗinsa.

Makamin ba sabo ba ne. An tono kunamunsa na tagulla tare da sojojin yumɓun nan da aka gano a ƙasar Sin a shekarar 1974, waɗanda aka binne fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, kuma kibiyarsa ce ta yi ajalin sarkin Ingila Ricad na Ɗaya a shekarar 1199. Abin da ke sabo shi ne kasuwarsa, kuma kasuwar ta Amurka da Kanada ce, an gina ta a kan dabba ɗaya da ba ta rayuwa a ƙasarmu.

Wannan shi ne abu na farko da na faɗa wa yaron. Dabbar da yake gani ana harbewa a bidiyo, mai ƙaho da rassa kamar ƙiraren bishiya, muna kiranta barewa ne don rashin wani suna da ya fi kusa, amma ba danginsu ɗaya da barewarmu ba. Namijinta yana zubar da ƙahonsa duk shekara ya tsiro sabo, alhali barewa da gada da mariya da gwanki ƙahonsu ɗaya ne har mutuwa, kuma ba ya reshe. A duk nahiyar Afirka babu 'yar asalin nahiyar mai irin wancan ƙaho sai wata guda a duwatsun Atlas, can wajen Aljeriya da Tunisiya. Bambancin bai tsaya a ƙaho ba. Babban namijin barewar Amurka mai farar wutsiya yana kai kilo 70 zuwa 100, wani ma ya wuce, ita kuwa barewar sahel da mahaifina ya sani da wuya ta haura kilo 30, gada kuma ba ta ma kai haka ba. Wanda zai zaɓi makami ba tare da ya san girman abin da zai harba ba, ya fara gini ne daga rufi.

Sannan a can, doka ce take fara zaɓar maka kafin ka zaɓa. A Ohayo, inda aka halatta farauta da wannan baka tun shekarar 1976, ba a yarda ka harbi barewa da wanda ƙarfin jansa bai kai laba 75 ba, wato kimanin kilo 34, a jihar Fensilbaniya da ke maƙwabtaka da ita kuwa sai laba 125, kusan kilo 57. Akwai lokacin farauta da ake buɗewa a ƙarshen Satumba a rufe a farkon Fabrairu, akwai lasisi da ba a ba sabon shiga sai ya yi kwas na tsaron lafiya, akwai adadin da aka yanka wa kowane mutum gwargwadon gundumar da yake, kuma duk wadda ka kashe dole ka kai rahotonta ga hukuma. A Ingila kuwa dokar 1981 ta haramta harbin kowace dabbar daji da baka kowane iri, don haka Bature a can yana iya mallakarsa ya harbi allo, amma ba nama ba.

Game da ƙarfi, yawancin waɗanda aka ƙera don barewa suna tsakanin laba 150 da 200 ne, wasu su haura, kuma kowanne daga cikinsu ya isa ya ratsa ƙirjin babbar dabba kibiyar ta fita ta ɗaya gefen. Abin da ya kamata a guje wa shi ne ƙananan nan da ake riƙewa da hannu ɗaya kamar ƙaramar bindiga, masu laba 50 zuwa 80, waɗanda su ne suka fi araha kuma su ne suka fi yawo a tallace-tallace. Ba a yi su don babbar dabba ba, kuma wanda ya harbi gada da su zai yi mata rauni ne kawai ta tafi ta mutu a inda ba mai cin ta sai ungulu.

Inda na fi daɗewa da yaron shi ne batun gudun kibiya, domin nan ne masu talla suke kama mutane. Na ce masa ya ɗauko biro mu yi lissafi. A tazarar yadi 30, kibiya mai gudun ƙafa 410 tana isa cikin kimanin kashi 22 cikin ɗari na daƙiƙa, mai gudun 350 kuma cikin kashi 26, ke nan kuɗin da zai ƙara yana sayen abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Amma akwai wani abu da ya fi su duka biyun gudu, shi ne sauti, wanda ke tafiyar kimanin ƙafa 1,125 a daƙiƙa. Baka mai kunama yana da ƙara idan an sake shi, ƙarar ta fi ta bakan hannu nesa ba kusa ba, kuma ko mafi gudun da ke kasuwa a yau, irin na kamfanonin Ravin da TenPoint da suka kai ƙafa 500, bai kai rabin gudun sauti ba. Ma'anar wannan ita ce dabbar tana jin harbin kafin kibiya ta iso ta, ko da yaushe, ba tare da togiya ba. A kusa, ratar ba ta isa ta yi komai ba. A yadi 60 kuwa, sautin ya riga kibiyar da kusan sulusin daƙiƙa, kuma wannan ya ishi barewa ta duƙa don ta zabura, sai kibiyar da aka auna wa huhu ta wuce ta saman baya, ko kuma abin da ya fi muni, ta shige ta a cinya ko a tumbi. Ga shi kuma kibiya tana sauka ƙasa tun daga lokacin da ta bar baka, har ta yi ƙasa da kusan rabin mita cikin sulusin daƙiƙa, don haka kuskuren 'yan yadi kaɗan wajen ƙiyasta nisa ya isa ya fitar da ita daga wurin da ake nufi, wanda faɗinsa bai wuce farantin cin abinci ba. Wannan ne ya sa tsofaffin da na zauna da su a can ba sa harbi fiye da yadi 30 zuwa 40, duk da cewa a filin gwaji suna iya samun allo a ninkin haka. Allo ba ya jin ƙara, kuma ba ya motsi.

Da na zo nan sai na tuna mahaifina, na ba yaron labarin abin da na gani da idona. Yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya sunkuya yana tafiya da gwiwa yana kaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, bayan ya debi ƙura ya saki don ya ga inda iska ta nufa, kuma yana iya ɓata rabin safiya a kan tazarar da mutum zai taka cikin minti biyar. Ni ina kwance a bayan sabara an hana ni ko tari. Ba ya sakin kibiya sai ya kai inda yake ganin motsin haƙarƙarin dabbar tana numfashi. Na ce wa yaron, tazarar da kakanka yake harbi da bakan itace da kibiyar kyauro, kusan ita ce tazarar da Ba'amurke mai hankali yake harbi da makamin dala dubu biyu, sai dai shi yana zaune ne a kan dandamali a saman bishiya yana dako. Kuma akwai wani bambanci da ya ƙara wa mai sabon makamin nauyi. Kibiyar mahaifina ba ta da gashin tsuntsu, ba ta da nauyi, ba kuma ita ke kisa ba, dafin kwankwani da ke kanta shi ke tsayar da zuciya, ko a ina ta kama. Dokar Ohayo ta hana dafi a kibiya, don haka a can kaifi da zubar jini kaɗai ke kashewa, kuma in ba ka sami huhu ko zuciya ba ka cuci dabba ka cuci kanka.

Saboda haka kibiyar ta fi bakan bukatar kulawa. Tsawonta yakan kasance inci 20 ko 22, nauyinta tare da kai kimanin giram 26, kuma kowane kamfani yana faɗin mafi ƙarancin nauyin da bakansa zai ɗauka, domin kibiyar da ta cika rashin nauyi tana barin ƙarfin ya koma wa fikafikan bakan, wato ɓangarorinsa biyu da ke lanƙwasawa, ya tsaga su. Lambar gudun da ake bugawa a kwali ana samun ta ne da kibiya marar nauyi, da zarar ka sa mai nauyi gudun zai ragu, amma ƙarar ma za ta ragu, shigarta cikin nama kuma ta ƙaru, kuma wannan musanya ce da ni zan yarda da ita kowane lokaci. Kan kibiya iri biyu ne, akwai mai wuƙaƙe a kafe, akwai kuma wanda wuƙaƙensa suke naɗe sai ya bugi jiki su buɗe. Na biyun ya fi tafiya daidai a iska, na farkon kuma ba shi da abin da zai ƙi buɗewa, ana kuma iya wasa shi a dutse. Ga Musulmi batun kaifi ba na gwaninta kaɗai ba ne. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Buhari da Muslim, an halatta abin da makami ya kashe da kaifinsa, an hana abin da ya kashe da faɗinsa, domin wannan bugagge ne irin wanda aya ta uku ta Suratul Ma'ida ta haramta. Ana yin bisimilla lokacin sakin kibiya, in kuma an tarar da dabbar da sauran rai sai an yanka ta. Kan nan mai dunƙule da ake gwaji da shi a allo ba na daji ba ne.

Sai kuma ƙirar bakan kansa, kuma a nan ne nake ganin mutumin Katsina ya kamata ya saɓa wa abin da ake yayi. Akwai mai lanƙwasassun fikafikai da tsirkiya ɗaya tak, irin wanda kamfanin Excalibur na Kanada ya yi suna a kansa, akwai kuma mai 'yan tayoyi a ƙarshen fikafikai da igiyoyi suna sarƙe da juna. Mai tayoyin ya fi gudu, ya fi tsukewa, ya fi daɗin ratsa kurmi, kuma shi ne a hotuna biyun da aka nuna mini. Amma ranar da tsirkiyarsa ta tsinke ko tayoyinsa suka daina juyawa tare, yawanci ba a gyara shi sai da wata na'urar matse fikafikai da ake ajiyewa a shagunan maharba, kuma a Ohayo irin wannan shagon tafiyar rabin awa ce. Na tambayi yaron, a nan wa zai kai wa? Makanikin babur, ko maƙerin da ke gyaran bindigar toka? Shi kuwa mai tsirkiya ɗaya, faɗinsa ya fi yawa kuma ya fi wuyar ja, amma mai shi yana iya sake masa tsirkiya da kansa a gindin bishiya da 'yar igiyar da aka yi don wannan aikin. A ƙara da yanayinmu. Masu ƙera shi suna gargaɗin kada a bar shi a cikin mota mai zafi domin zafi yana saki tsirkiya yana raunana fikafikai, mu kuwa a watan Afrilu ko a inuwa zafin yana haura digiri 40. Ƙurar hunturu da ke shiga har cikin akwatin tufafi za ta manne wa kakin da ake shafa wa tsirkiya da man da ake zuba wa doron da kibiya ke kwanciya, ta zama kamar yashin goge ƙarfe, kuma duk inda ƙananan sassa masu juyawa suka fi yawa nan ta fi ɓarna.

Ɗana bakan ma aiki ne da hoto ba ya nunawa. Ana sa ƙafa a wata likkafa da ke gabansa, a sunkuya a jawo tsirkiya har ta maƙale, kuma jan kilo 80 da tsurar hannu ba wasa ba ne, ga shi in hannu ɗaya ya fi ɗaya ja tsirkiyar za ta zauna a karkace kibiya ta kauce. Akwai igiya mai ƙugiya biyu da ke rage nauyin da rabi tana kuma daidaita jan, akwai kuma abin murzawa irin na injin taliya da ke mayar da shi abin da dattijo irina zai iya, sai dai yana ƙara kuɗi da nauyi. Duk wadda aka bi, harbi ɗaya ne, kafin ka ɗana na biyu dabbar ta ɓace. Kuma kada a sayi wanda ba shi da sakatar da ke hana sakin tsirkiya in babu kibiya, domin harbin wofi sau ɗaya yana iya farfasa shi a fuskar mai shi.

Ranar da na fara riƙe shi, na tallafe gabansa kamar yadda ake tallafe bindiga, babban yatsana ya leƙo saman doron. Mai shagon, wani dattijo mai furfura, bai ce komai ba, ya kama hannuna ya sauke shi ƙasa, sannan ya ɗora ɗan karas a daidai inda yatsan nawa yake, ya karɓi bakan ya harba a allo, rabin karas ɗin ya yi tsalle ya faɗi can gefe. Tun daga ranar, abin da nake fara dubawa a jikin kowane irin wannan baka shi ne ko yana da 'yan fukafukan kariya da ke hana yatsu hawa hanyar tsirkiya. Irin wannan, da nauyinsa da ya kai kilo uku zuwa huɗu kuma ya rinjaya gaba, da tsawon gindinsa a kafaɗarka, da laushin kunamarsa, da ko idonka na samun madubin saiti ba tare da ka miƙa wuya ba, duk ba a sanin su sai an ɗauka a hannu. Farashi yana farawa daga 'yan ɗaruruwan daloli ya wuce dubu biyu, ban da kibau da kawuna da tsirkiyar canji da duk sai an yo odarsu daga waje, kuma tura irin wannan kuɗi a kan hoto cinikin biri a sama ne. Wanda kuma ya nace, to ya fara zuwa wurin kwastam da 'yan sanda ya samo amsa a rubuce kafin ya biya ko sisi, domin abu mai gindi da kunama da madubi, a hanyar Batsari ko Jibiya a irin wannan lokaci, ba kowane mai tsaron shinge ne zai tsaya ya ji cewa baka ne ba.

Akwai abin da ba na so a rasa a cikin labarin Amurka, domin shi ne ya sa cinikin yake da ma'ana a can. Wajen shekarar 1900 barewarsu mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa, ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan ko ƙasa da haka saboda farautar kasuwa da sare daji. Suka hana fataucin naman da aka kashe ba bisa doka ba a wannan shekarar, a 1937 kuma suka kafa dokar da ke ɗora haraji a kan bindigogi da harsasai ana zuba shi a raya namun daji, daga baya aka haɗa da baka da kibiya a kan kashi 11 cikin ɗari. Yau ana ƙiyasta ta da kusan miliyan 30, har tana cinye amfanin gona tana jawo haɗari a titi, don haka hukuma ce da kanta take son a rage ta. Mu ma muna da dokar namun daji ta Jihar Arewa tun 1963, da dokar tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa wadda aka yi wa gyara a 2016, kuma harbi haramun ne a wurare irin su Yankari da Kamuku da Falgore. Amma barewar sahel tana cikin jerin dabbobin da ƙungiyar kare halittu ta duniya ta ce suna cikin haɗari, dajin Rugu da iyayenmu suka yi tashe a cikinsa kowa ya san hannun wa yake a yanzu, kuma abin da samarinmu ke dawowa da shi daga farautar rani da karnuka da gora bai wuce zomo da gafiya da bushiya ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a zaure, ta ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuma halal ce, kuma ina shakkar a ce mai sayen makamin miliyoyin naira yunwa ce ta kai shi.

Don haka na ce wa ɗan ƙanwata, in sha'awar harbi ce take damunsa, ya nemi mai tsirkiya ɗaya, mai matsakaicin ƙarfi, da igiyar ɗanawa da kariyar yatsu, ya cika buhu da tsumma ya kafa a fili mai katanga a bayansa, ya harba har sai kibau biyar suna taruwa a faɗin faranti daga yadi 30, kuma ni zan taimaka masa da abin da ya sawwaƙa. In kuwa nama yake nufi, na ba shi aiki guda kafin mu sake maganar kuɗi, ya je wurin Sarkin Baka na yankinsu da ofishin gandun daji, ya dawo mini da sunan dabbar da zai harba, da dajin da take, da takardar da ta ba shi izini. Ya ce, "To, Kawu," ya mayar da wayarsa aljihu ya tashi. Yau kwana tara ke nan, ya zo gaishe ni sau biyu, bai kawo sunan dabbar ba.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta, ɗan gidan maharba,
Ƙofar Guga, Katsina.